Gayyatar Alhaji Ilu

Duk Bahaushen da ya yi wata uku a Guangzhou ya san abu biyu game da Alhaji Ilu. Na farko, babu wanda ya kai shi sanin hanyar fitar da kaya daga kasuwa zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha. Shekararsa goma sha shida a garin, yana jin yaren mutanen har yana yi wa masu shago tsiya da shi. Na biyu, mutumin nan ba ya cin abincin waje. Ba tsantseni ba ne, rowa ce tsagwaronta, kuma shi kansa ba ya musu. Tukunyar lantarki gare shi a ɗaki, shinkafa da wake safe da yamma, man gyaɗa kuwa da cokalin shayi yake zuba shi.

Akwai abu na uku, amma wannan ba a faɗinsa da ƙarfi. Idan aka yi rasuwa a gida, dangi ba sa kiran mai rashin kai tsaye, Alhaji Ilu suke kira. Shi kuma yana da tsarinsa da ba ya sauyawa. Zai zo ya same ka, ya ari wayarka wai tasa ba caji, ya ja ka zuwa gidan abincin wani Musulmi ɗan yankin Sichuan, inda suke dafa abinci da barkono mai yawa, ya sa a cika muku teburi. Ba zai ce uffan ba sai ka tsame hannunka. A cewarsa, ba a ba mutum irin wannan labari da yunwa a cikinsa, don in ya ji sai ya kwana uku bai sa komai a baki ba, ga shi a ƙasar da babu uwa babu mata da za su lallashe shi ya ci. Barkonon wurin ma da gangan ya zaɓe shi. Kowa a gidan hawaye yake yi yana fyace hanci, saboda haka namiji zai yi kukansa ba wanda zai waiwayo.

Suleiman, wani mai sarin kayan yara, ya san wannan tsari ciki da waje. Shekara biyu da suka wuce shi ya raka Alhaji ranar da aka sanar da Harouna, wani ɗan Maraɗi mai sarin takalma, rasuwar ɗansa. Ya ga yadda Harouna ya ci har ya ƙoshi yana ta ba da labarin ƙwallo, ya kuma ga yadda fuskarsa ta koma bayan Alhaji ya faɗi sunan.

Ranar wata Talata, wajen sha biyun rana, Suleiman yana kasuwar Canaan yana fama da wata mai shago a kan wandunan yara da zai kai rumfarsa a Kano. Duk lambar da ya nuna sai ta kaɗa hannu ta ce, "Meyo." Babu ke nan. Ita ce kalmar da ya fara koya a garin tun kafin gaisuwa, don ita ya fi ji. Yana cikin nuna mata wani samfurin sai ya ji an dafa kafaɗarsa.

"Sule, ara mini wayarka, tawa ta mutu."

Ya miƙa kafin ya yi tunani. Sai da ya ga Alhaji Ilu ya kashe wayar ya zura ta a aljihun rigarsa bai kira kowa ba, sannan ya gane abin da ya kawo shi.

"Ka ci abinci kuwa?" in ji Alhaji, yana kallon wandunan maimakon fuskarsa.

"Ban ci ba, Alhaji."

"To zo mu je. Yau ni zan saya."

Suleiman ya ajiye wandon da ke hannunsa a hankali. Bai tambaya ba. Tambaya ɗaya ce, kuma ya san in ya yi ta za a ba shi amsa.

Mutum biyu ne suka faɗo masa. Akwai matarsa Sauda, cikinta wata takwas, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, likita ya ce a sa mata ido. Jiya a waya ta ce masa kanta yana sarawa, shi kuma ya ce ta sha ruwa ta kwanta, don yana sauri zai je duba kaya. Akwai kuma mahaifiyarsa, Inna Yalwa, wadda ta haura saba'in. Amma Inna jiya ras take. Ita ce ma ta fizge wayar daga hannun Sauda tana yi masa faɗa wai ya rame a hoto, tana tambaya ko yajin da ta daka masa ya ƙare. Duk ta inda ya juya lissafin, kan Sauda yake faɗawa. Ya tuna 'yarsu Najiba, shekara huɗu, wadda ba ta barci sai ta riƙe gefen zanen uwarta.

Suka fito titi. Zafi ne irin na garin, mai ɗanko, wanda riga ke manne wa mutum a baya tun kafin ya yi taku goma. Suleiman ya san hanyar: a tsallake gada, a bi ta gaban wani dogon bene mai shaguna, a karya dama, ga koren allo da rubutun halal. Tafiyar minti goma sha biyar ce. A gaban dogon benen ya tsaya cak. Ya ɗaga kai ya ga hoton kifi da shinkafa a jikin gilashin hawa na uku.

"Alhaji, tun da kai za ka saya, nan nake so."

Alhaji Ilu ya bi yatsarsa da kallo. "Na Japanawa? Ɗanyen kifi fa suke ci, Sule, sai ka ce mage."

"Na daɗe ina sha'awarsa."

Ƙarya ce, kuma dukansu sun san ƙarya ce. Wannan Suleiman ɗin ne da ko ƙwai aka soya masa da ruwa-ruwa sai ya mayar. Amma Alhaji ya dube shi, ya wuce gaba zuwa matattakala.

Wurin shiru ne, da sanyin na'ura, kowa yana magana ƙasa-ƙasa kamar a asibiti. Aka zaunar da su a bakin wata doguwar kanta. A gabansu wani bel ne ke tafiya a hankali, ɗauke da 'yan ƙananan faranti, kowanne da dunƙulen shinkafa biyu da yankan kifi a kai. Farantin ya wuce ka, ya zagaya ɗakin, ya dawo. Wanda ka ga dama ka ɗauka. Alhaji ya kira wata ma'aikaciya ya yi mata dogon bayani a kan alade da giya, ta nuna musu waɗanda za su iya ci da waɗanda za su ƙyale.

Suleiman ya ga abin da yake nema. Abinci ne da ba shi da ƙarshe. Kana ɗauke ɗaya, wani na tahowa.

Ya ɗauki na farko, kifi ja mai jirwayen fari. Ya tsoma a baƙin ruwan gishirin da aka zuba musu, ya kai baki. Sanyi, santsi, ba ƙarni kamar yadda ya zata, har da ɗan gardi a ƙarshe. Abin ya ba shi haushi da ya ji daɗinsa. Ya ɗauki na biyu. A gefen farantin akwai wani koren abu kamar an kwaɓa kuka, ya lakato da yawa bai sani ba, sai ya ji abin ya bi ta hancinsa ya haye tsakiyar kai. Ya runtse ido ya riƙe bakin kantar.

"Kaɗan ake sawa," in ji Alhaji. Shi bai ɗauki komai ba sai shayin da aka kawo, kore fatau kamar ruwan zogale. "Wannan ai ba abinci ba ne, wasa da ciki ne. Loma biyu a faranti, don Allah."

"Ka ɗanɗana mana, Alhaji."

"Ci abinka."

Ya ci. Ya ci mai jatan lande, ya ci wanda aka naɗe da baƙin ganye, ya ci na ƙwai mai zaƙi, yana tauna kowace loma kamar mai ciwon haƙori. Muddin bakinsa yana motsi, Sauda tana nan a tsakar gida ta miƙe ƙafa a kan tabarma, Najiba tana hawa bayanta. Ya san shirme ne. Abin da ya faru ya riga ya faru tun kafin Alhaji ya shigo kasuwa. Amma sani daban, ji da kunne daban, kuma shi bai shirya ji ba.

A faranti na tara cikinsa ya fara ƙi. Kifin da ya yi daɗi ɗazu ya koma tsoka mai sanyi da ta ƙi wucewa. Ya laluba aljihu ya ciro 'yar kwalbarsa. Tsohuwar kwalbar maganin tari ce, Inna ta wanke ta cika da yajin da take daka masa duk tafiya: barkono, citta, kanumfari, masoro, da ƙuli-ƙuli kaɗan. A wuyan kwalbar ta ɗaura ƙyallen tsohon zanenta, wai don kada abokan ɗakinsa su ce tasu ce. Yajin saura kaɗan a gindi. Ya barbaɗa a kan kifin, ya buga gindin kwalbar da tafin hannu har sai da ba abin da ke fitowa, ya ture ta gefe cikin tarin faranti. Hankalinsa ba a kanta yake ba. Yana can yana tuna cewa bai ko ce wa Sauda "Allah ya sawwaƙe" ba jiya.

Alhaji Ilu ya duba agogonsa karo na ba adadi. A aljihunsa wayar da aka ce ta mutu tana ta gurnani.

"Sule," ya ce a hankali, "akwai maganar da..."

"Ban tsame hannu ba, Alhaji." Ya ɗaga tsinke biyun da ake cin abinci da su a wurin ya nuna masa. "Ba ƙa'idarka ba ce?"

Dattijon ya ajiye kofin shayinsa. Ya dubi ɗakin, ya ga mutane suna cin abincinsu shiru, babu mai ko tari. Ba wurin da za a gaya wa mutum irin wannan magana ba ne.

"To tashi," in ji shi. "Azahar tana wucewa. Mu je inda za mu yi salla, ka ci abinci na gaske."

Mai gidan abincin Sichuan, wani gajere mai farar hula, yana ganinsu ya taso. "Lawban!" ya ce wa Alhaji, wato maigida, sannan ya dubi Suleiman, murmushinsa ya ragu. Shi ma ya san abin da zuwan Alhaji Ilu da baƙo yake nufi. Ya kai su ɗakin baya inda yake ajiye buhunan shinkafa, ya shimfiɗa musu darduma biyu.

A sujadar ƙarshe ne abin ya kuɓuce wa Suleiman. Tun daga kasuwa yake danne shi, yana kewaye shi, amma da goshinsa ya taɓa ƙasa sai ya fito cak, kalma bayan kalma: Ya Allah, in dai lalle ɗaya ce, ka sa tsohuwa ce. Ya tsorata da kansa. Ya yi istigfari. Sai kuma ya ji zuciyarsa tana kawo hujjoji kamar mai ciniki: ta yi shekarunta, ta je Makka, ta ga jikoki, Sauda kuwa rai biyu ce, ga Najiba. Ya sake faɗa, wannan karon da saninsa. Ya daɗe bai ɗago ba, har Alhaji ya yi sallama yana jiransa.

Da suka fito an riga an cika teburin. Ga wata ƙatuwar tasa ta kifi, an dafa shi cikin jan mai, busasshen barkono ya rufe samansa har ba a ganin kifin. Ga kaza da aka yanka ƙanana aka soya, sai ka tona cikin barkono kafin ka samo tsoka. Ga naman shanu, ga ganye, ga shinkafa tana tururi. Ƙamshin kaɗai ya isa ya sa mutum atishawa. Gidan cike yake da hayaniya, ana ta ƙwala wa masu kawo abinci kira, kowa da tulin takardar goge hanci a gabansa.

Suleiman ya zata ba zai iya ba, amma da ya kai lomar farko sai cikinsa ya buɗe. Kifin laushi gare shi, yana narkewa a harshe, zafin kuma ba ya zuwa nan take, sai ka haɗiye sannan ya biyo ka. A cikin man akwai wasu 'yan ƙwayoyi kamar masoro, in ka tauna ɗaya sai leɓenka ya ɗau rawa, harshe ya yi nauyi kamar an yi masa allurar cire haƙori. Ya riƙa nemo su da gangan. Gumi ya jiƙe masa wuya, hanci ya fara zuba, idanu suka cika. Alhaji ma ya ci kaɗan, yana tura masa tasa idan ya ga ya sassauta.

Ya ci har ba wurin sawa. Ya tona barkonon kazar bai sami ko ƙashi ba. Ya kwashe ganyen. Ya tsaya yana juya cokali a cikin jan man da ya rage, yana neman ko da ɓarɓashin kifi ne. Agogon bango ya nuna huɗu da rabi. Babu sauran abin ci, kuma nan babu bel da zai kawo wani.

Ya ajiye cokalin. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan teburi.

"Wace ce, Alhaji?"

Alhaji Ilu ya goge bakinsa, ya matso da kujerarsa. "Sule, ka san dukkanmu lokaci muke jira. Yayanka Baffa ne ya kira ni. Inna ce. Allah ya yi mata rasuwa kafin asuba. Ta tashi za ta yi alwala ta faɗi, ko asibiti ba a kai ba."

"Alhamdulillahi," in ji Suleiman.

Ba shi ya shirya faɗa ba. Da kanta ta fito, tare da wani dogon numfashi da ya riƙe tun sha biyun rana. Kafaɗunsa suka sauka. Na ɗan lokaci, wanda bai fi ƙiftawar ido uku ba, daɗi ya ji, daɗi na gaske har cikin ƙashinsa.

Alhaji ya kama hannunsa ya riƙe. Idanun dattijon sun kaɗa. "Allah ya yi maka albarka, Sule. Shekara goma sha shida ina wannan aiki, ban taɓa ganin wanda ya karɓi ƙaddara da godiya irinka ba. Inna ta yi tarbiyya. Wallahi ta yi tarbiyya."

Wannan yabon ne ya karya shi. Ya buɗe baki zai ce ba haka ba ne, ya rasa ta inda zai fara. Sai a lokacin ya ce innalillahi, can a makare, sannan kukan ya zo. Ya kifa kai a gefen tasar kifin yana yi, kafaɗunsa suna jijjiga. Kamar yadda Alhaji ya tsara, babu wanda ya waiwayo. Mai farar hula ya zo ya ajiye sabuwar takardar goge hanci ya koma.

Da ya ɗan lafa, Alhaji ya kunna wayar ya miƙa masa. Da ya kira, Baffa ya ɗauka a bugun farko, ana jin hayaniyar masu gaisuwa a bayansa.

"Mun jira kiranka har ƙarfe takwas na safe a nan gida," in ji Baffa, muryarsa a dishe, "sai liman ya ce kada a ƙara ajiye ta. Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Ka yi haƙuri, Sule. Ba ta sha wahala ba. Jiya ma bayan kun gama waya sai da ta sa aka sayo mata barkono, wai yajinka ya kusa ƙarewa, za ta daka a ba mai tafiya ya kai maka. Ga shi can a shanye a tabarma, ba wanda ya iya kwashewa."

Aka ba Sauda wayar. Tana kuka tana yi masa gaisuwa, ta ce kan ya daina ciwo tun jiya. Da ya ji muryarta sai daɗin nan ya sake motsawa a ƙirjinsa, ya ji ya tsani kansa. Ya ce mata zai sake kira, ya kashe.

Hannunsa ya kai aljihu da kansa, inda kwalbar take zama. Babu komai. Ya laluba ɗayan. Ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi.

"Ina za ka?" in ji Alhaji.

Suleiman ya nufi ƙofa. Ya fita, ya karya hagu, ya ratsa mutane yana bangazarsu, ya haura matattakalar dogon benen bibbiyu. Alhaji Ilu yana biye da shi yana haki.

Wurin yana nan yadda suka bar shi, shiru da sanyi. Wasu mata biyu ne zaune a kujerunsu, kantar a goge tas. Ya sami ma'aikaciyar nan, ya nuna mata da yatsu: kwalba, ƙarama, kamar haka, da ƙyalle a wuya. Ba ta gane ba. Alhaji ya iso ya yi mata bayani da yarensu, ya maimaita, ya nuna kujerar. Ta ce su jira. Ta leƙa ƙarƙashin kantar, ta shiga ciki, suka ji tana tambayar masu wanke-wanke. Suleiman ya tsaya yana kallon faranti suna wucewa ta gabansa ɗaya bayan ɗaya.

Ta dawo tana goge hannu a jikin rigarta. Ta dubi Alhaji, ta dubi Suleiman da jajayen idanunsa, ta ɗan rusuna.

"Meyo," ta ce.